Miliyan 10 za ta saya min injin sayar da lemo guda biyu a Legas?

Tambayar wata Hajiya ce mai shagon sarin lemo, ruwan gora da biskit a Agege. Ɗanta ya nuna mata injin nan da ake biyansa kuɗi ya sako wa mutum lemo mai sanyi ba tare da kowa na tsaye a wurin ba, ya kuma binciko mata farashinsa a intanet, dala 2,000 da 'yan kai. Ta ware naira miliyan 10, tana son guda biyu, in da hali ma uku. Yaya za ta tsara kuɗin?

Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Zan fara da abin da na san ba zai yi miki daɗi ba: miliyan 10 kuɗin inji ɗaya ne, da ɗan abin da zai rage a hannunki saboda ranar da ba a fata. Farashin da yaronki ya gani na bakin masana'anta ne, injin kuwa a Legas zai yi ciniki.

Ni gyaran firiji na koya, da shi na zo garin nan, ta nan kuma na faɗa harkar. Na fara da gyara wa mutane nasu, daga baya na sayi nawa, na ci riba a wasu, na tafka asara a wasu. Alƙaluman da zan kawo miki na misali ne, don ki ga yadda lissafin yake tafiya. Ki goge nawa ki rubuta na ranar da za ki biya, tunda a ƙasar nan farashin safe ba kullum yake kaiwa yamma ba.

Mu ce dala tana naira 1,500. Mu ce injin da ya dace da ke, mai ƙofar gilashi, mai firiji, mai ɗaukar lemo da biskit tare, dala 2,200 ne a ƙasar Sin. Naira miliyan 3 da dubu 300 ke nan. Irin wannan farashin yawanci iyakarsa a kai kayan bakin jirgin ruwa a can, daga nan komai a wuyanki yake. Na'urar karɓar kuɗi daban ake sayenta, mu sa mata dubu 450. Kuɗin jirgi mu sa dubu 750, domin abin ya kusa tsayin ƙofar ɗaki, nauyinsa yakan kai kilo 250 zuwa 300, in an kafa masa akwatin katako sai ya ƙara cin wuri, su kuwa masu jirgi wuri suke sayarwa. Sai fito da shi daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can: kuɗin fito, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari wanda ake ɗora shi a kan kuɗin kaya da na jirgi da na fiton gaba ɗaya, cajin kamfanin jirgi, na masu filin ajiye kwantena, da ladan ejan. Mu ce miliyan 1 da dubu 200. Mota da 'yan dako dubu 150, don mutum biyu ba sa ɗaga shi. (Ki sa a ɗauko shi a tsaye. In har an kwantar da shi a mota, sai an bar shi a tsaye na awoyi kafin a kunna, in ba haka ba man kwamfaresa ya bi bututu ya jawo miki aiki tun ranar farko.) Sitabilaiza, ƙaramar inbata da batirinta da jan waya, dubu 700. Kayan gyara na ajiya dubu 200. Liƙa suna da takardun izini dubu 150. In kin haɗa, miliyan 6 da dubu 900 ne, a ce miliyan 7. Abin miliyan 3 ya ninka har da ɗori, kuma ba ki biya hayar wuri ba, ba ki zuba ko gora ɗaya a ciki ba.

Ƙara hayar shekara, tunda a Legas gaba ake biya, a ce dubu 600. Ƙara kayan zubin farko da na biyu, dubu 250. Ƙara kuɗin ɗawainiyar wata uku kafin injin ya fara riƙe kansa, kamar dubu 420. Kin haura miliyan 8. Abin da ya rage ki riƙe shi, kada ki kai shi kafin alƙalamin inji na biyu, domin shi ne garkuwarki daga dala. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Masana'antun Sin sun saba karɓar kashi 30 tun farko, sauran 70 kafin a ɗora kaya, kuma daga biyan farko zuwa ranar da injin zai fito daga tasha wata biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Kuɗin fiton ma da dala ake auna shi. Wanda ya kashe kuɗinsa ƙarƙaf a kan lissafin ranar oda, shi ne wanda kayansa ke kwana a tasha yana neman bashi, kuɗin ajiya na hawa kowace safiya.

Batun takardu ba zan ja shi ba, kowane ejan na gari ya san su: Fom M da ake buɗewa ta banki kafin a ɗora kaya, takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, da PAAR, takardar tantance kaya ta kwastan. Abu ɗaya nake so ki riƙe. Injinan sayar da kaya suna ƙarƙashin lamba 8476 a jadawalin kwastan. Ki sa ejan ya nuna wa yaronki kason fiton wannan lambar da idonsa, ya kuma rubuto kowane caji a layinsa. Wanda ya ce «ki kawo miliyan kaza kawai in fito miki da shi» bai ce ba zai dawo neman ƙari ba.

Don inji ɗaya tak, sau da yawa ya fi sauƙi ki bi ta kamfanonin kago da 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou ke amfani da su, waɗanda ke caji gwargwadon girman kaya har su fito da shi su kawo ɗakin ajiyarsu a Legas. Sai dai ki tambaya ko za a ɗora wani kaya a kansa, da wanda zai biya in gilashi ya fashe. Akwai kuma masu shigo da su suna sayarwa a nan cikin gari. Farashinsu zai ba ki tsoro in kin gwada shi da miliyan 3 na intanet, to ba da shi za ki gwada ba, da miliyan 6 ɗin da injin zai kai kafin ya sauka ƙofarki za ki gwada. In bambancin bai yi yawa ba, ni na fi son wanda zan gani ana kunna shi, in sa kuɗina in ga lemo ya faɗo, in san ƙofar da zan buga ranar da ya tsaya. Oda daga hoto cinikin biri a sama ne, musamman ga mai sayen farko.

Tokumbo fa? Nan na fara tafka tawa. Wani mai shigo da kayan gwanjo ya sayar min da injin Amurka a kusan rabin kuɗin sabo, ƙarfensa kamar na tankar yaƙi, ina ta murna. Sai da na kai shi shago na duba bayansa na ga wutar 115 yake ci, mu kuwa tamu 230 ce. Na sayi tiransifoma. Kwamfaresansa an ƙera shi ne don wutar da ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50 take bugawa, sai ya zama yana aiki kamar mai ciwon baya, sanyi ba ya kamawa sosai, shi kuma yana zafi. Ramin kuɗinsa na sulallan Amurka ne, kwakwalwarsa tsohuwa ce ba ta magana da na'urar kati. Kafin in gama canje-canje na kashe abin da ya kusa kuɗin sabo, kuma ni mai gyara ne, ba na biyan kuɗin aiki. Araha ba ta ado. In har za ki sayi na hannu, ya zama na ƙasar da wutarta ta yi daidai da tamu, kamar Ingila ko ƙasashen Turai, a kuma gwada shi a gabanki na yini guda.

Yanzu ga inda injinan nan suka fi mutuwa a Najeriya, wato karɓar kuɗi. A Amurka da Turai da Japan a kan sulalla aka gina sana'ar, da su injin ke karɓa, da su yake ba da canji. Mu kuwa rabon da ki ga an sayi wani abu da sulalla? An fito da na kwabo 50, naira 1 da naira 2 a 2007, ko almajiri ba ya karɓarsu yau. Babu sulalla, babu canji mai sauƙi. Sai na'urar karɓar takardar kuɗi, wadda ke duba takarda da haske kafin ta haɗiye. Ita takarda mai tsabta take so, miƙaƙƙiya. Ki tuna naira 200 da ta kwana uku a kasuwar Mile 12, ta sha ruwan tumatir, ta sha manja, an naɗe ta a bakin zane, an liƙe tsakiyarta da salatif. Na'urar za ta tofo ta, mai saye ya sake turawa, ta sake tofowa, a karo na uku ya doki gilashin ya tafi. Ga kuma wata matsalar da ta zama tamu mu kaɗai: tun da aka fito da sababbin takardun naira 200, 500 da 1,000 a Disambar 2022, Kotun Ƙoli kuma ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki, kowace takarda a cikin ukun nan fuska biyu gare ta. Dole a koya wa na'urar duka biyun, kuma ba kowace masana'anta ce ke da wannan tsarin a shirye ba. Bayan haka duka, akwatin da kowa ya san akwai tsabar kuɗi a cikinsa gayyatar ɓarawo ne.

Shawarata ki manta da tsabar kuɗi, ki sa kuɗinki a kan kati da tiransifa. Wahalar kuɗin farkon 2023 ta yi mana wannan aikin: yau mai shayi ma yana da lambar OPay ko Moniepoint a jikin teburinsa. Amma da sharaɗi. Injin da kansa zai tabbatar kuɗi ya shigo kafin ya saki kaya, domin babu wanda zai tsaya yana duba alat. Yawancin injinan Sin suna zuwa ne da tsarin biyan kuɗi na can, WeChat Pay da Alipay, waɗanda ba su da wani amfani a Ikeja. Kafin ki biya ko sisi, ki sa a tambayi masana'antar abu biyu: shin injin yana da mahaɗin MDB, wanda shi ne harshen da injinan nan ke magana da na'urorin biyan kuɗi, sannan wa zai haɗa shi da kamfanin biyan kuɗi na Najeriya, kuma nawa ne aikin? Na ga inji sabo fil ya yi watanni a kwali saboda ba a yi wannan tambayar ba. Na'urar katin ta karɓi Verve, ba Visa da Mastercard kaɗai ba, don katin da ke aljihun ɗalibai da ƙananan ma'aikata sau da yawa Verve ne. A sa layin waya biyu na kamfanoni daban-daban. Kuma kada ki yarda a cire miki na'urar da ke gane ko kaya ya faɗo don a rage farashi. Ranar da aka cire wa ɗalibi ɗaya kuɗi lemo bai fito ba, kafin la'asar duk ɗakin kwanansu ya ji injin ɓarawo ne. Ki manna lambar waya a jiki, a riƙa mayar da kuɗin mutane a ranar, wannan ma yana cikin kasafi.

Sai wuta. Injin nan firiji ne da ba a kashe shi, ƙofarsa gilashi, a garin da zafi da laima ba sa hutu. Mu ce yana shan yunit 6 a rana, yunit 180 a wata. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Wato wajen naira dubu 40 a wata. Band A ɗin kuwa su ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, su kike so, ko a ɓangaren Ikeja Electric ne ko na Eko. Wurin da wutarsa ba ta kai haka ba sai in ginin yana da babban janareto ko sola da ke ɗauke da kowa, kuma masu irin ginin nan sukan sayar da yunit ɗinsu fiye da na gwamnati, ki tambaya tun wuri. Kada ki yi tunanin kunna wa inji ɗaya janareto. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Ribar lemo ba ta ɗaukar wannan.

Inbatar da na sa a lissafi ba don ta riƙe firijin dare guda ba ce, wannan sai batir na miliyoyi. Aikinta ta riƙe kwakwalwar injin da na'urar biya a 'yan mintocin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareto, kada a ɗauke wuta kuɗin mutum na tsakiyar hanya. Sitabilaizar kuma ta zama mai jinkirta kunnawa na minti uku zuwa biyar, domin abin da ya fi kashe kwamfaresa shi ne a ɗauke a dawo nan take. Ki ce a ba ki ƙofa mai ɗumama gilashi, in ba haka ba laimar Legas za ta rufe shi da raɓa, mai saye ba ya ganin abin da zai saya. Ki tambayi irin iskar gas ɗin firijin, ta zama wadda masu gyara a nan ke da ita, kamar R134a ko R290. A wajen Lekki da Victoria Island iskar teku na cin ƙarfe, kuma duk inda ruwa ke shiga da damina sai an yi wa injin dakali.

To yanzu mu zo ga lissafin da ya fi duk na baya muhimmanci. Ɗawainiyar wata: haya dubu 50, wuta dubu 40, data da kuɗin manhaja dubu 10, yaron da zai riƙa zuba kaya da kuɗin motarsa dubu 50, kason da kamfanin biya ke cirewa da kayan da suka lalace dubu 15, asusun gyara dubu 25. Dubu 190 ke nan kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mu ce ribarki a kan kowane abu ɗaya naira 150 ce. Sai kin sayar da guda 43 a rana kafin ki rufe ɗawainiya kawai, ba a taɓa uwar kuɗi ba. In injin na sayar da 60 a rana, abin da zai rage miki a wata dubu 80 ne, miliyan 7 ɗinki sai ta haura shekara bakwai kafin ta dawo, lokacin injin ya tsufa. In yana sayar da 100, dubu 260 ne a wata, shekara biyu da wata uku kin fanshe. Inji ɗaya, lemo ɗaya, farashi ɗaya. Mutum 40 a rana ne suka raba shekara bakwai da shekara biyu, kuma waɗannan mutum 40 ɗin ba masana'anta ke sayar da su ba, wurin da kika ajiye injin ne ke kawo su. Shi ya sa nake cewa a nemi wuri kafin a nemi inji.

Kin ce wuraren da jama'a ke taruwa. A nan nake so ki yi hattara, don a Legas taron jama'a yana zuwa da 'yan tallansa. A Oshodi ko a gosulon Ikorodu Road yaro zai kawo wa mutum lemo mai ƙanƙara har tagar danfo, ya ba shi canji, ya bi motar da gudu. Mai tireda a bakin layi yana ba da bashi, yana gaisawa da mutane, yana gadin unguwa a kyauta. Inji ba ya ko ɗaya. A ƙasashen da sana'ar ta bunƙasa, albashin mutum ne ke da tsada, ƙarfe ke da araha. Mu namu a juye yake: mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sanar wa ma'aikatanta a Oktoban 2024 naira dubu 85 ne, abin da ake ba yaron shago kuwa kin fi ni sani, ga ƙarfen da dala ake sayensa. Don haka injin ba ya cin nasara sai a inda mutum ba zai iya zama ya yi tallar ba. Asibiti da ƙarfe biyun dare, masu jinya na neman ruwa, shaguna a rufe. Masana'anta mai aikin dare da ba a barin ma'aikata su fita ƙofa. Ɗakin kwanan ɗalibai bayan an kulle get. Dogon benen ofisoshi da maigadi ba ya barin mai talla ya hau. Wurin motsa jiki. A irin waɗannan wuraren ne mutum zai biya ƙarin naira 100 bai yi ƙorafi ba.

Na san za a ce miki tashoshin jirgin ƙasa, tunda layin dogon Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ta Agege yake bi. Wuraren suna da kyau, amma a hannun LAMATA, hukumar sufurin Legas, suke, sai da izini a rubuce. Haka filin jirgin sama, haya ce ta kwantiragi. Kada ki gina kasafi a kan alkawarin wani da ya ce ya san wani.

Makaranta kuma tana da nata tarkon. Ina da inji a wani ɗakin kwanan ɗalibai kusa da wata jami'a, na biya hayar shekara, ciniki na tafiya yadda ake so. Malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas injin na kallon bango, biskit ya wuce wa'adinsa, mai gida ya ce shi haya ya bayar, ba ɗalibai ba. Tun daga nan, wurin makaranta wata tara nake lissafa masa a shekara ko babu yajin aiki, kuma na daina son haya tsayayya. Ki nemi mai wurin ya karɓi kamasho a kan ciniki, a ce kashi 10, ko ƙaramar haya da kamasho a kai. Wanda ke da kaso a ciniki shi zai kira ki in injin ya tsaya. Yarjejeniyar ta zama a rubuce: wa ke biyan wuta (ki sa ƙaramar mita taki, tana kashe gardama), ba za a ba wani izinin sayar da lemo a gefenki ba, kuma kina da ikon ɗauke injinki in wurin bai yi ba. Manyan gine-gine za su nemi rajistar kasuwanci ta CAC kafin su sa hannu. In injin na kallon titi da suna a jikinsa, hukumar allunan talla ta LASAA da ƙaramar hukuma za su zo, gara ki riga su zuwa.

Ke kina da abin da yawancin masu shiga harkar ba su da shi. Kaya a farashin sari suke zuwar miki, abin da ya yi kwantai a inji kuma sai ki mayar shago kafin wa'adinsa ya cika. Sai dai ki raba littafi, ki riƙa «sayar» wa injin a rubuce, in ba haka ba shago zai yi ta ciyar da shi ba ki sani ba. Ki auna kayan da za ki zuba kafin oda, gorar 50cl, gwangwanin 33cl, ruwan 75cl, domin zoben ƙarfen da ke turo kaya girma-girma ne, wanda aka yi don kayan Sin yana maƙale namu. Fiya wata ba ta zama a zoben. Abin da kwanakinsa ba su da yawa, irin su Gala, sai inda ake kwashewa da sauri. Zobo da kunun aya za su ba ki sha'awa don ribarsu, amma ɗauke wuta na dare ɗaya ya isa ya ɓata su ya ɓata miki suna. Gyaɗa, cincin, dabino da kilishin da aka rufe da kyau, masu lambar NAFDAC, sun fi lemo riba kuma ba sa tsoron zafi.

Kuma ki nemi wuri kusa da gida. Ogba, Oregun, Agidingbi da Alausa duk suna kusa da Agege, cike da masana'antu da ofisoshi. Inji a Lekki yana nufin yaronki zai kashe rabin yini a hanya don katan huɗu na lemo, ga shi tun Yunin 2022 an hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da ƙananan hukumomin Lagos Island da Lagos Mainland, ba za a ce ya hau babur ya yanke ba.

Bashi kuwa kada ki ci a kan injin farko. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa kashi 27.5 ne, na bankunan kasuwanci sama da haka. Ko bankunan da ba sa ruwa, irin su Jaiz, TAJ da Lotus, da za su saya su sayar miki ta murabaha, biyan wata-wata ne da ba ya jiran ciniki. Wannan maganar inji na biyu ce, bayan na farko ya ba ki littafin wata shida.

Abin da za ki fara kashe wa kuɗi bai kai dubu 100 ba. In kin samu wurin da kike zato, ki nemi izinin mako biyu, ki zaunar da yaro da babbar kula da ƙanƙara daidai inda injin zai tsaya. Ya sayar a farashin da injin zai sayar, kada ya karɓi tsabar kuɗi, kada ya ba da bashi, kada ya yi kiran ciniki. Ya riƙa rubuta abin da aka saya da ƙarfe nawa aka saya. In wurin na dare ne, a samu mai karɓarsa da dare. In littafin ya nuna 80 zuwa sama a rana, ki yi oda. In yana yawo a 40 da 50, ki gode wa mai wurin ki nemi wani. Ki kuma lura da watan da kika yi gwajin: Fabrairu da Maris zafi ke sayar da lemo a garin nan, Yuni da Yuli ruwa ke kashe shi, in kuma ma'aikatan wurin yawancinsu namu ne, cinikin rana zai kwanta a watan azumi. Gwajin da aka yi a tsakiyar zafi, ki zabge masa kashi ɗaya cikin huɗu kafin ki ɗora lissafin shekara a kansa.